A Dubi Fuskar Shafi, Ba Labari Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu. Na san tawa za ta yi tsawo, in ta fi ƙarfin filin ka datse inda ka ga dama.

Na jima ina bin cacar bakin da ake yi a kan littafin Hausa. Wani ya ce ya mutu, wani ya ce waya ce ta haɗiye shi, wani ya ce soyayya ce ta yi masa katutu. Kowa ya tashi magana, ko dai a kan labari yake yi ko a kan harshe. Har yau ban ji wanda ya tsaya a kan fuskar shafin ita kanta ba, wato inda rubutu ya zauna, da inda aka bar fari, da irin harafin da aka zaɓa, da abin da aka ajiye a gefe. Ni kuwa da wannan na ci abinci. Na shiga aikin ɗab'i a wata maɗaba'a a Sabon Gari tun ana tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya ana jerawa da hannu, na ga zuwan injin ofset, na ƙarasa a gaban kwamfuta. Maganata ita ce shafi ma yana da baki, kakanninmu sun san haka, mu 'yan boko ne muka toshe masa shi. Wani littafin Turanci ne ya tuno mini, don haka da shi zan fara.

'Yar ƙanena da ke karatun adabin Turanci a Samaru ce ta shigo da shi gida, aro daga wajen wani malaminsu. Ba don in karanta ta miƙo mini ba. Cewa ta yi, "Baba, kai da ka san aikin nan, duba mini, anya ba inji ne ya haukace musu ba?" Sunansa House of Leaves, wani Ba'amurke Mark Z. Danielewski ya rubuta, ya fito a shekarar 2000, shafinsa ya haura 700. Ina bubbuɗawa na ga wani shafi cike maƙil, wani 'yan kalmomi ne a can ƙasa, wani rubutun a kife, wani a kwance, wani an ja layi an soke shi amma yana karantuwa. Na ce mata ba hauka ba ce. Kuskuren maɗaba'a na san kamanninsa, ba ya zuwa da tsari irin wannan. Ashe marubucin da kansa ya je ofishin kamfanin da ya buga littafin a New York, ya zauna gaban kwamfuta ya tsara shafukan. Ina kyautata zaton ya san in ya bar wa irinmu, gyara masa za mu yi.

Ga labarin a taƙaice. Wani mai ɗaukar hoto, Navidson, ya tare da iyalinsa a wani gida a jihar Virginia. Ya auna gidan ta waje, ya auna ta ciki, sai ya tarar cikin ya fi wajen da rubu'in inci. Ya kira ɗan'uwansa da wani injiniya suka sake awo, lissafi ya ƙi. Daga nan wata ƙofa ta bayyana a bangon falo, bangon da bayansa fili ne, amma in an buɗe ta sai dogon lungu mai duhu da sanyi, yana ƙaruwa yana sauyawa, har da matakala mai murɗewa da ba a ganin ƙarshenta. Wanda ya taɓa shiga tsofaffin gidajen cikin birnin Zariya zai ɗan gane abin: daga waje zaure ɗaya kake gani, kana shiga soro ya miƙa ka ga soro, sashe ya miƙa ka ga sashe, har ka rasa ta ina ka shigo. Sai dai namu da mutane a ciki da hayaƙin girki, nasa babu komai sai duhu.

Ba kai tsaye ake ba ka labarin ba. Navidson ya ɗauki fim na abin. Wani tsoho makaho, Zampanò, ya rubuta dogon sharhi a kan fim ɗin, yana ambaton masana da littattafai a ƙasan shafi. Tsohon ya mutu, wani saurayi ɗan shaye-shaye, Johnny Truant, ya tsinci takardun a akwati ya tattara, yana sa nasa bayanin a ƙarƙashin na tsohon, bayanin da kan fara da gyaran kalma ya zarce shafuka yana zayyana yadda rayuwarsa ke wargajewa. Kowa da irin harafinsa; na saurayin irin na tafireta ne, ko ba a faɗa ba ido ya san wa ke magana. Tun a gabatarwa saurayin ya gaya maka ya nemi fim ɗin, babu shi. Makaho ne ke sharhin fim ɗin da ba a taɓa yi ba.

Turancina na mai duba kuskure ne, ba na mai digiri ba, saboda haka a hankali na bi shi, tun ana ruwa har hazo ya sauka. Inda ya fi ba ni aiki shi ne babi na tara, lokacin da waɗanda suka shiga lungun suka ɓace. A nan shafin ya rabu gida-gida. Akwai wani ɗan akwati mai shuɗin baki, cikinsa jerin duk abin da babu a lungun, su bututu da wayar lantarki da fitila. Ka juya shafin sai ga akwatin a daidai gurbinsa, rubutun a juye, sai ka ce ta bayansa kake leƙe. A gefe ɗaya sunayen gine-gine na gangarawa shafi bayan shafi, a ɗaya gefen sunayen magina a kife, sai ka juya littafin ka yi baya kafin ka bi su. Lamba ta tura ka ƙasa, ta ƙasa ta tura ka gefe, ta gefe ta mayar da kai shafin da ka baro. Can na ɗago kai na ga ni ma ban san inda nake a babin ba. Su sun ɓace a gida, ni na ɓace a takarda, lokaci guda. Da marubucin cewa kawai ya yi sun ruɗe, da na gyaɗa kai na wuce.

'Yar tawa madubi ta ɗauko don rubutun nan da ke juye. Dariya na yi. Mai haɗa haruffan dalma a juye yake karatu duk tsawon aikinsa, kuma a kife, domin abin da zai fito daidai a takarda dole ya zama a juye a kan ƙarfe. A nan kaɗai ne tsohon lebura ya riga 'yar jami'a kaiwa ƙarshen layi.

Babin da ke biye ya yi akasin haka. An shiga ceto, ana gudu ana harbi, sai kalmomi suka ƙaurace wa shafi: layi biyu, layi ɗaya, kalma uku. Yanzu hannunka ne ke gudu, kana ta fizgar takarda. Can gaba, inda Navidson ya koma shi kaɗai, lungun na matsewa yana rarrafe, rubutun ma ya dunƙule a tsakiyar fari yana ƙara ƙanƙancewa. Inda yake hawa sama, daga ƙasa kake karantowa. Inda ƙasa ta juye masa, dole ka juya littafin. Maƙwabcina ya gan ni a ƙofar gida ina jujjuya shi, ya tambaya ko tabarau ne ya lalace.

Idon ma'aikaci ba ya barin lissafi. Shafi mai kalma uku kuɗin takardarsa ɗaya da mai ɗari huɗu. Sannan duk inda kalmar gida ta fito a littafin, da shuɗi aka buga ta. Mai karatu zai ce ai kalma ɗaya ce. Mu kuwa mun san a injin Kord irin wanda ya cika maɗaba'unmu, mai launi ɗaya a zubi guda, wannan kalma na nufin faranti na biyu, da wanke inji, da sake zura kowace takarda, da tsayawa a kai kada shuɗin ya goce daga gurbinsa. Su ma can ba kowane bugu ne ke da launin ba. Akwai wanda sassan da aka soke ke fitowa da ja, akwai wanda kalmar ke fitowa toka-toka kawai.

Kada a ɗauka talla nake yi masa. Kaso mai yawa na littafin burga ce. Akwai jerin sunayen masu ɗaukar hoto da ya ci shafuka, ba mai karanta shi. Sassan saurayin nan cike suke da shaye-shaye da batsa, wasu tsallake su na yi, kuma ba littafin da zan bari a falo yara su ɗauka ba ne. Akwai inda aka karkata rubutu don kawai an iya. Ma'aunina ɗaya ne: in na miƙe shafin nan yadda aka saba, layi bisa layi, me zai ɓace? In babu, to ado ne. In kuwa tsoro zai ɓace, ko saurin numfashi, ko sanin mai magana, to aiki ne. A wannan ma'auni, babi na tara da na goma da tafiyar Navidson ta ƙarshe sun ci kuɗin takardarsu. Haka wasiƙun da uwar saurayin ke aiko masa daga asibitin masu taɓin hankali, waɗanda aka ajiye can ƙarshe. Tana rikicewa layuka na hawa kan juna, a ɗaya ma sai ka tsinci harafin farko na kowace kalma kafin ainihin saƙon ya fito. Su suka fi taɓa ni, kuma wanda ya gaji ya ajiye littafin a tsakiya ba zai san da su ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani dattijon malami a wajen Kona da nake ɗaukar karatun Risala a zaurensa tun da na bar aiki. Ba ya jin Turanci. Na tafi masa da littafin, na buɗe masa babin nan na tara don in ji ta bakinsa. Ya gyara zama ya bi shafin da yatsa, ko gezau. Ya ce, "Wannan na tsakiya shi ne matani?" Na ce, "Allah gafarta Malam, kusan haka." Ya ce, "To wannan sharhi ne, wannan hashiya. Wannan da ya kife kuwa wuri ne ya ƙare masa ya zagaya." Ya jawo gafaka ya zaro wasu tsofaffin warƙoƙi na mahaifinsa. Layukan matani manya-manya, an bar tazara mai faɗi a tsakaninsu, cikin tazarar ƙananan rubutu, wani Larabci, wani ajamin Hausa. A gefe bayani ya taso a miƙe, ya karkata, ya hau sama, ya dawo a kife. Hannu uku ko huɗu a warƙa guda, kowanne da tawadarsa, wani ya rubuta jikan ɗalibinsa ya zo ya ƙara. Kafin ya karanta mini wani bayanin sai da ya juya warƙar, yadda maƙwabcina ya gan ni ina yi.

Abin da ɗalibar jami'a ta ɗauka haukar inji ce, almajirin zaure a cikinsa ya tashi. Alƙur'anin hannu na ƙasar nan launi huɗu yake ɗauka: baƙi na baƙaƙe, ja na wasulla, rawaya ta hamza, kore na alifin sadarwa, kowanne da aikinsa. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake cikin bango da gafaka, a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata don kada tsari ya ɓace, malami kuma ya iya raba wa ɗalibai da yawa littafi ɗaya a zama guda. A Ingila, da B. S. Johnson ya fitar da labari a 1969 cikin kwali, kashi 27 babu ɗinki, a karanta yadda aka ga dama ban da na farko da na ƙarshe, baƙon abu aka ɗauke shi. Littattafan fiƙihu bugun Misira masu rawayar takarda, littafi uku kake samu a shafi guda: Muhtasar na Halil, sharhin Dardir a kansa, hashiyar Dasuƙi a kan sharhin. Ishiriniya da ake rerawa a maulidi murya biyu ce a saƙe, baitocin Alfazazi da ɗango uku-uku da Ibn Mahib ya ɗora wa kowanne. Mawaƙanmu na ajami kan ɓoye shekarar waƙa cikin ramzi a baitin ƙarshe, sai mai lissafin haruffa ya warware. Ban ma zo kan zayyanar allon sauka ba.

Amma Malam bai bar ni na tafi da murna ba. Ya tambayi su wane ne malaman da makahon ke ambata a ƙasan shafi. Na ce wasu na gaske ne, da yawa kuwa marubucin ne ya ƙirƙire su, har da littattafansu da shekara da lambar shafi. Ya ajiye littafin. Ya ce, "Mu hashiya don a fitar da mai karatu daga duhu ake yin ta. Wannan kayan amana ya ɗauka yana wasa da su." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ƙagaggen labari ne, kuma da gangan ya yi, don a ga yadda lamba da sunan masani ke sa mutum ya gaskata abin da babu." Ya ce ya ji, amma shi ba zai so ɗalibinsa ya saba ganin isnadin ƙarya ba ko da wasa. Ban kayar da shi ba, ban kuma bi shi duka ba. A zamanin da ake turo mana saƙo a WhatsApp da sunan likitan da ba a haifa ba, littafin da ya koya maka zargin ƙasan shafi ya yi maka hidima. Sai dai maganarsa ta tsaya mini. Marubucin Hausa da zai ari wannan siffa daga zaure ya sani akwai nauyin da mutane suka ɗora mata, ba irin Ba'amurken nan ba ne da ya ɗauko tasa daga takardun jami'a.

To yaya aka yi shafinmu na boko ya zama layi bisa layi kawai? A nan Zariya aka yi abin, kuma da dalili. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, Kamfanin Gaskiya ya biyo a 1945. Mutanen nan masu karatu suke ƙoƙarin samarwa a cikin jama'ar da yawancinta ba ta taɓa riƙe boko ba, kuma wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci jiya ba ka ba shi shafi mai hawa uku. Ga kuma hukuncin ƙarfe. Dalma a miƙe take tafiya, injin Linotype layi guda yake zubowa. In kana son rubutu ya karkata sai ka yanka katako da guntayen dalma ka cusa ka ɗaure, aikin yini a kan shafi ɗaya. Duk da haka dubi Magana Jari Ce: aku na ba da labari, cikin labarin wani na ba da nasa, ga maganar yaƙin sarki na gudana a waje. Ginin mai hawa-hawa ne, shafin ne kawai aka shimfiɗe.

Da ofset ya zo an ga hanya. Masu buga littattafan addini a Kano sai su ba gwanin alƙalami, irin marigayi Sharu Bala Gabari, ya rubuta da hannu, a ɗauki hoton shafin a mayar kan faranti, ya fito duk yadda hannu ya bi. Wato ɓangaren ajami da Larabci bai taɓa sakin 'yancinsa ba. Na boko ne aka kwance wa takunkumin dalma ya ƙi motsawa.

Yau duk yaron da ke shagon kwamfuta a Kongo ko PZ zai karkata maka layi kafin ka ƙifta ido. A katin biki da fastar siyasa kaɗai ake amfani da wannan iko, can kuwa har ya yi yawa. Littafin labari, tun na kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990 har yau, cusa kalmomi ake yi iya yadda takarda za ta ɗauka, gefe siriri, haruffa ƙanana, don a rage kuɗi. Ban ga laifin kowa ba, na san kuɗin rim. Amma ba duk abin da nake faɗa ke cin kuɗi ba. Launi na biyu na ci, shafi mai kalma uku na ci. Sauya harafi tsakanin murya biyu kyauta ne, bayani a gefe kyauta ne. A ce marubuciya ta kawo labarin matar da ta tsinci littafin sirrin kishiyarta da ta rasu: rubutun marigayiya a tsakiya, martanin mai rai a gefe, tun tana zagi har ta fara tausayi, gefen na cinye tsakiya sannu a hankali. Ko rikicin gado, takardar wasiyya a tsakiya, 'ya'ya kowa na sa nasa bayanin a kewaye, na ɗakin uwargida ta dama, na amarya ta hagu. Ba sai an koya wa Bahaushe karatun irin wannan shafi ba, ya gan shi a zauren unguwarsu.

Na san za a ce yanzu a waya ake karatu, a Wattpad da WhatsApp, da yawa ma saurare suke yi ana karanta musu a rediyo da YouTube. Gaskiya ne, kuma a nan irin wannan littafi ya gaza. Ta yaya mai karantawa a rediyo zai furta akwati mai shuɗin baki? Wata ƙawar 'yar tawa ta samo hotonsa a waya, duk sanda ta juya wayar don ta karanta abin da ke kife sai allon ya juya tare da ita. Amma wannan gazawar ita ce hujjata. In littafin takarda bai ba da komai ba sai abin da waya ke bayarwa a araha, me zai sa yarinya ta ciro kuɗinta ta saya? Su kansu marubutan waya sun riga mu farawa. Suna zuba hirar masoya a siffar saƙonnin waya, suna jera ɗigo don jan rai, suna kauranta harafi inda murya ta ɗaga. Ana yi musu dariya, ni kuwa ina ganin lalube suke yi, ba su dai samu mai nuna musu na gida ba.

Saura roƙona gare ku, Malam Edita, tunda jarida ma shafi ce. Waƙa in ta zo muku, a daina murƙushe ta cikin siririn gurbin labarai har ɗango ɗaya ya karye gida uku. 'Yar ƙwar biyar a bar ta ta tsaya biyar, tahamisi kuma a ɗan shigar da ɗangayen mai ƙari ciki don a bambanta su da na mai asali. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da aka yi fama a shekarun 1930 kafin ta samu gurbi a bokonmu, a daina zubar da ita, yanzu kowace kwamfuta na fitar da ita. Sannan ku gwada ba da shafi guda, ko sau ɗaya a wata, ga gajeren labarin da marubucinsa ya tsara fuskarsa da kansa, bisa sharaɗin nan nawa: in an miƙe shi bai rasa komai ba, a mayar masa da abinsa. Masu koyar da Hausa da masu koyar da zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello harabarsu ɗaya a Samaru, ga tarin rubutun hannu a jami'ar da kuma Gidan Arewa a Kaduna. Su haɗa ɗalibansu su je su ga yadda warƙa take, daga nan za ku samu masu cika muku shafin. In kun amince, ni zan riƙa duba tsarin kyauta kafin ya tafi inji. Adireshina na bayan takardar nan.

Naka,
Tsohon mai haɗa haruffa,
Tudun Wada, Zariya.